Waken Nan Na Gaji Ne

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, da mai gaskiya da wanda ya danne ta. Ranar Talata, goma ga watan Sha'aban, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da talatin da tara bayan Hijira, shekara goma sha takwas ke nan da shigar Nasara Kano, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata Mu'minatu, wadda kowa ya sani da Gaji, a ɗakinta da ke bayan Unguwar Jaji, kan hanyar Dutse zuwa Kiyawa. Ta bar 'ya ɗaya, Rakiya, da ke aure a Aujara, da jikoki huɗu, da ni ƙaninta Falalu, mai makarantar allo a unguwar. Mutum goma sha ɗaya ne suka tsaya a kan gawarta. Na ƙirga su, domin ni na ja sallar, kuma yawansu bai kai ya wahalar da mai ƙirga ba.

Yaya, an saba idan za a rubuta irin wannan takarda a sassauta harshe, a faɗi alheri, a rufe sauran. Na gwada sau biyu na yage. Raina a ɓace yake, da mutanen unguwar nan, da wani Barau, da wani Bature da bai ma san ya yi ɓarna ba, da ni kaina fiye da su duka. Shekara bakwai unguwar nan tana cin wakenki tana kiransa waken Malam. Bana irin ya ƙare a rumbunan mutane, damina ta matso, ga su nan suna sintiri a zaurena suna roƙon in sake yi musu abin da ban taɓa yi ba. Abin da zai fitar da su yana bayan ɗakinki, kuma ba za su same shi ba sai an warware ƙaryar da na zauna a kanta. Don haka na ɗauki alƙalami.

Uwarmu ta rasu ina da shekara huɗu, ke kina da goma sha uku. Bayanki ne ya goye ni. Ke kika riƙe hannuna kika kai ni gaban malamina na farko, kika durƙusa kika ce, "Allah gafarta Malam, ga shi nan. Kansa na ja, amma matsoraci ne, ko kaza ta buɗe fiffike sai ya ruga." Mutane suka yi dariya, ni na yi fushi kwana biyu. Ashe tun ranar kin gama karanta ni. Sa'ad da na tafi gabas neman karatu, ke kika daka mini garin tafiya, kika cusa mini zanenki ɗaya mai kyau a cikin gafaka, kika ce in sayar idan ta ƙure. Ban taɓa tambayarki da me kika je biki a shekarun nan ba.

Ke ba ki yi karatu ba sai na salla, amma ban ga mai kallon abu kamarki ba. Mijinki marigayi Arzika yana da garka a bakin rijiyar unguwa, kuma da ya rasu ba ki bar ta ta mutu ba, kika ci gaba da jan guga da kanki. A nan nake iske ki tsaye gaban shinge, hannu a ƙugu, kina magana ke kaɗai. Wata rana kika ce mini, "Falalu, kai da ka yi karatu, me ya sa idan aka sari reshen cediya ko na dashi aka kafa a shinge sai ya yi saiwa ya rayu, amma na marke sai dai gara ta ci?" Na ce ikon Allah ne. Kika ce, "Na sani. Ina tambayarka a ina ya ajiye ikon." Sai na ce lokacin azahar ya yi.

Sai shekarar babbar yunwa ta zo. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san abin da aka gani, ba sai na tona ba. An ci dusa, an ci tafasa ba gishiri, an haƙa gidan tururuwa ana neman hatsin da ta tara. Irin shuka kuwa tun da wuri ya shiga tukunya. Ke kaɗai kika ƙulle ƙwayar wake bakwai a bakin zaninki, farin waken nan mai manyan ƙwaya da dogon yaɗo da muka gada wurin uwarmu. Rakiya tana gida a lokacin, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ta ce ki dafa su ko romon ku sha. Kika ce ƙwaya bakwai ba za su cika cikin kowa ba. Kika shuka su a garka da bazara, kina ba su ruwa da ludayi. Biyar suka fito.

Tushe biyar ba zai ciyar da unguwa ba, kowa ya san wannan, ke ma kin sani. Abin da kika yi shi ne abin da nake so duk mai karanta takardar nan ya riƙe. Kin ce idan itacen shinge yana yin saiwa daga sanda, to akwai wani abu a jikinsa da ke kiran saiwa, kuma kin lura cewa reshen da ke da sabon tofo a kansa ya fi saurin kamawa. Sai kika riƙa tsinko tofon cediya da na dashi da sassafe, kafin rana ta taɓa su, ki ɗan dandaƙa, ki jiƙa a ruwan rijiya mai sanyi cikin sabuwar tukunya, ya kwana ɗaya. Sannan ki yanki yaɗon wake guntu-guntu, kowane guntu gaɓa biyu, yankan a ƙarƙashin gaɓa, ki bar masa ganye ɗaya a sama. Ki tsoma gindinsa a ruwan daga hantsi zuwa azahar, gindin kaɗai, kuma ba a juya shi, inda yake ƙasa a jikin uwarsa nan ne ƙasa. Daga nan ki kafa shi a jiƙaƙƙen yashi cikin sakaina, ki ajiye a inuwa.

Ba a rana ɗaya kika gane ba, ina nan ina gani. Tukwane uku kika jera. Ta farko ruwan rijiya ne zalla, kuma a cikin guntu goma da kika tsoma, uku ne suka yi saiwa, ita ma siririya, bayan dogon jira. Ta biyu kin cika ta da tofo har ruwan ya yi duhu, kuma duk abin da ya shiga cikinta gindinsa ya kumbura, ya tsage, ya yi baƙi, ya ruɓe. Ta uku kin surka ta da ruwa kina ɗanɗanawa da harshe har ɗacin ya koma kaɗan, kuma a ranar takwas da kika zaro guntu ɗaya daga yashi, ga farar saiwa ta kewaye gindinsa cunkus. Takwas cikin goma suka kama. Na tambaye ki yaya abu ɗaya zai raya kuma ya kashe. Kika ce, "Kamar kanwa ce a tukunyar wake. Idan babu ita ya ƙi nuna, idan ta yi yawa kowa ya tashi ya bar kwanon." Kika kuma gwada zage ganyen duka, ba ko ɗaya da ya kama, kika ce ashe ganyen ma yana aika wani abu ƙasa.

Da damina ta zauna, tushe biyar ya zama arba'in, arba'in ɗin ma suka yi yaɗo kika sake yanka. Na gan ki da faifai a ka, ƙafa duk kaushi, kina bin gida-gida kina ajiye wa kowace mace sakaina biyu ko uku, kina gaya mata ta dasa a tsakanin kunyar gero da yamma, ta yi masa inuwa kwana uku. Ba ki tsallake gida ko ɗaya ba. Gidan Hindatu, gwauruwar da ɗanta Barau ya tafi aikin hanyar jirgi a Kano ya bar ta da jikoki, can kika kai biyar. A kakar shekarar nan babu gidan da bai ɗora tukunyar wake ba a Unguwar Jaji, kowa kuma ya ajiye iri.

Yanzu ga nawa laifin. Ran da za ki fara, kin leƙo zaure kika ce, "Yi mini rubutu in zuba, kowane aiki yana son albarka." Na rubuta, na wanke allon a ƙoƙo, na kai miki bakin rijiya da hannuna, mata masu ɗiban ruwa suna kallo. Sau ɗaya ke nan, ban ƙara ba. Ban ce ayar Allah ba ta da albarka, Allah ya tsare harshena. Amma sababin da ya sanya wa wannan aiki a cikin tofon itace ya sanya shi, kuma ke ya nuna wa, ba ni ba. Ke da kanki kin gaya mini bayan yanka na biyu, kina dariya: "Malam, wannan karon ban sami rubutunka ba, kuma wake bai tambaye ni ina kake ba."

Duk da haka magana ta bazu cewa Malam Falalu ya yi rubutun da ke sa kara ya yi saiwa. Da kaka aka fara kawo mini damin gero, wani ya kawo zakara, mutanen Kiyawa suka turo 'ya'yansu karatu wurina har zaure ya yi kaɗan. Na karɓa, na sa albarka, na ja bakina na tsuke. Kullum ina ce wa kaina gobe zan faɗa bayan sallar Juma'a. Ke kuwa ko gezau. Da Rakiya ta yi ƙorafi, kika ce ta bar ni, ai gero a gidan ƙaninki bai fita waje ba. Shekara huɗu ana cewa waken Malam a gabanki kina amsa gaisuwa.

A shekara ta huɗun ne wani Bature mai yawon duba gonaki ya sauka a bariki. Barau ya riga ya dawo daga Kano da 'yan kalmomin Turanci da jar hula, aka ɗauke shi yana yi wa baƙon tafinta yana kuma kula da ɗan lambun da aka kewaye masa. Don neman shiga, ya ba shi labarin cewa a unguwarsu ana shuka wake ba da ƙwaya ba. Baturen ya ce yana so ya gani, a jera masa a lambun kafin ya dawo daga rangadi, kwana goma. Barau ya zo zaurena ya ce, "Allah gafarta Malam, Bature na neman mai aikin waken nan. Gobe da safe ka zo bariki."

A lokacin duk wanda aka kira bariki sai iyalinsa su fara kuka. Na ce masa, "Ai ba ni ba ne. Aikin Yaya Gaji ne, ni rubutu kawai na yi sau ɗaya." Shekara huɗu ina neman bakin faɗin wannan magana ban samu ba, sai ga shi na same shi kafin mutum ya haɗiye yawu. Da abin yana kawo gero nawa ne, da ya zama kiran bariki sai na tuna naki ne. Babu mai gaya mini wannan a unguwar nan saboda ana ganin rawanina, don haka na rubuta da hannuna.

Barau bai yarda ki je gaban Baturen ba, wai tsohuwa mai zane ɗaya za ta ba shi kunya. Ta kan shinge ya tambaye ki yadda ake yi, kuma kin gaya masa tsakani da Allah, ba ki ɓoye komai ba. Har kika bi shi da gargaɗi uku: "Kada ka dafa. Kada ka zage ganyen. Kada ya kwana a ciki." Ya ce, "Iya, wannan na Bature ne, ba na ƙauye ba. Sai mai ƙarfi." Ya shigo garkarki da mutum biyu da lauje, suka yanke uwayen waken da kike raino tun daga tushe, ba su bar miki ko yaɗo ɗaya ba.

Abin da ya yi da su kowa ya gani, domin a fili ya yi, yana so a gani. Ya sa aka saro tofo kwando guda, aka zuba a babbar tukunya aka hura wuta, yadda muke dafa sassaƙe ga mai ciwon shawara, har ruwan ya ƙone ya yi kauri ya yi baƙi. A wurinmu ai magani idan bai yi baƙi ya yi ɗaci ba, ba a yarda da shi. Ya zage ganyen tas don su yi kyan gani a jere kamar sandunan rogo. Rabinsu ma a juye ya tsoma su. Ya bar su suka kwana biyu a ciki don ƙarfin ya ratsa. Ran da Baturen ya dawo, guntu ɗari biyu suna kwance a yashi sun yi baƙi suna wari. Ya zaro ɗaya ya duba, ya yar, ya goge hannu, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya yi wa Barau tsawa, washegari ya hau dokinsa ya tafi. Ban san abin da ya rubuta ba, amma na san ba sunanki ba ne, domin bai tambayi ko akwai ki ba.

Mutumin da aka yi wa tsawa a gaban leburori sai ya nemi inda zai sauke. Barau ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka kirawo ki, aka tsayar da ke a rana a ƙofar gidansa daga hantsi har la'asar, mace mai shekara hamsin da wani abu. Unguwa ta taru. Barau ya ce, "Jama'a, a hannun Malam abin nan yana yi, domin ayar Allah ce. Da ya koma hannun tsohuwar nan sai ya ruɓe a kwana goma. Ku gaya mini yadda ake kiran mai irin wannan hannu." Wani daga baya ya ce mayya. Wata ta tuna cewa akuyarta ta mutu bayan kin yaba ta. Cikin masu gyaɗa kai babu wanda bai ci wakenki da safiyar ranar ba.

Ina zaune a inuwar zaure, kusa da mai unguwa, a kan buzun da aka shimfiɗa mini don girmamawa. Ba ki yi kuka ba, ba ki roƙi kowa ba. Kin juyo kin dube ni, sau ɗaya. Magana biyu ce ta rage in faɗa, cewa rubutuna bai taɓa sa kara ya yi saiwa ba, kuma wuta ce ta kashe na Barau. Amma faɗin haka yana nufin in mayar da gero da zakaru da girman shekara huɗu a gaban mutane. Na sunkuyar da kai ina jan carbi.

Shekara uku kika yi bayan wannan, kuma ina so mutanen unguwar nan su ji yadda suka sa kika yi su. Sun hana ki rijiyar da mijinki ya yi wa baki da hannunsa. An ƙwace garkar an ba wani ya zuba albasa. Kin koma ɗebo ruwa a kududdufin bayan dutse, tafiyar da ke cinye hantsi guda, da tulu a ka da tari a ƙirji. Da Salla kin aika wa maƙwabta tuwo kamar yadda kika saba, aka dawo miki da kwanukan a rufe yadda suka tafi. Mata suna janye 'ya'yansu idan kin biyo hanya. Fatsuma kaɗai, tsohuwar da idonta ya tafi, ita ce ba ta daina shiga ɗakinki ba, ta ce ita ba ta ga abin da aka ce an gani ba. Rakiya ta yi ta roƙonki ki koma Aujara wurinta, kika ce idan kin tafi kin amsa sunan da suka ba ki ke nan. Ni kuwa ina aika miki da hatsi ta hannun matata, ina ganin na yi zumunci.

Kwana shida kafin rasuwarki na shiga ɗakinki da azahar, karo na farko a shekara ukun nan da na zauna har na miƙe ƙafa. Na buɗe baki zan fara magana. Kika ce, "Falalu, idan kuka za ka yi fita waje, ɗakin ƙarami ne." Na ce ki yafe mini. Kika ce, "Nawa na yafe tun ranar, ai na san wanda na goya. Amma akwai na waken, shi kuwa ba a hannuna yake ba." Daga nan kika ce in miƙo miki ruwa, kika tambaye ni ko an ga hadari ta gabas.

Ranar jana'izarki unguwa ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wanda ke da ciwon ƙafa ya tuna da shi, wanda ke da kasuwa ya kama hanyarta. Amma ranar sadakar uku zaurena ya cika har waje, har da mai unguwa, har da Barau, wanda aikin bariki ya daɗe da kuɓuce masa. Na lura da gaisuwarsu. Kowa sai ya ce Allah ya jiƙan musulmi, Allah ya ba da haƙuri, babu wanda ya kama sunanki. Ba a gama shafa fatiha ba mai unguwa ya gyara murya ya ce, "Allah gafarta Malam, ka san bara ruwa ya ɗauke wake yana fure, ɗan abin da aka samu kuma ƙwaro ya gama da shi a rumbu. Ko za ka taimaka mana da rubutun nan irin na shekarar yunwa?" Ƙasar kabarinki ba ta bushe ba. Na tashi na shige gida ban sallame su ba, domin da na buɗe baki da na faɗi abin da bai dace da mai rawani ba.

Na wuce ɗakinki. Rakiya tana bayan ɗaki, kuma a nan na ga abin da ban sani ba, ni da nake ƙaninki. Tushen wake tara sun hau danga sun yi shar, ga sakaina fiye da arba'in a jere ƙarƙashin tsohuwar zana. Da ruwan kududdufin nan da kike ɗaukowa da tari kika raine su. Rakiya ta ce tun da ruwa ya ɗauke bara kika ce unguwa za ta nemi iri, kika ware ƙwaya tara kika hana kanki.

Na ce mata zan rubuta yadda ake yi duka, don kada ya ɓace. Ta shiga ta fito da ƙoƙo uku ta jera a gabana, ta ce, "Kawu, ɗanɗana." Na farko ruwa ne. Na biyu ya ɗaure mini harshe har na tofar. Ta ce, "Wannan ko rabin na Barau bai kai ba." Na uku sai da na riƙe shi a baki kafin na ji ɗan ɗaci can a ƙarshen harshe, kamar ruwan da aka ɗauraye ƙwaryar magani da shi. Ta ce, "Wannan ne na Iya. Tofon bazara da na damina ba ƙarfinsu ɗaya ba, na cediyar bakin hanya da na fadama ma haka, don haka ba a auna shi da ludayi. To rubuta." Na riƙe alƙalami ban san me zan sa ba. Ta ce, "Shi ya sa ba kai za ka raba ba, Kawu. Ni zan raba, kuma a bakin rijiyar da aka hana ta, ranar Asabar da hantsi. Duk wanda ya miƙo hannu sai na tambaye shi waken wa ya zo karɓa, ya faɗa kowa ya ji." Na ce har Barau? Ta ce, "Har shi. Iya ta ce 'ya'yansa ba su yi mata komai ba. Amma sai bakin nan nasa ya faɗa."

Saboda haka zan karanta takardar nan ranar Juma'a bayan an sallame, a tsaye, a ƙofar masallaci. Ku ji, mutanen Unguwar Jaji: ba ni da rubutun da ke sa kara ya yi saiwa, ban taɓa samunsa ba. Wanda ya kawo mini gero saboda shi ya zo ya ɗauka a rumbuna, wanda ya kawo ɗansa saboda shi yana iya janye shi. Matar da kuka shafa wa kashin kaji ita ta ciyar da ku sau ɗaya, kuma ta tanadar muku na biyu tana kan gadon mutuwa. Na sani, na yi shiru, kuma shirun nawa ya fi tsawar Bature da bakin Barau yi mata illa.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Mu'minatu. Ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi fiye da inuwar da take yi wa dashenta. Ka sanya tsayuwar da ta yi a rana ta zama mata inuwa ranar da babu inuwa sai taka. Ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ita da aka hana ruwan rijiya. Duk ƙwayar da aka ci da wadda za a ci daga wannan iri, ka rubuta mata ladanta, ka cire sunana daga ciki. Ka haɗa ta da uwarmu da mijinta Arzika a gidan rahama. Ni kuma ka yi mini da sauƙi, ba don na cancanta ba.

Ina yi wa Rakiya ta'aziyya, da mijinta, da 'ya'yanta huɗu, da dangin Arzika na Kiyawa da suka zo da ƙafa suka cika mana sahu. Ina yi wa Fatsuma, wadda ta wanke ta da hannun da ke gani fiye da idanunmu. Allah ya ba ku haƙuri, ya saka muku. Mutanen unguwa kuwa ban yi muku ba tukuna, sai na ji abin da za ku ce a bakin rijiya.

Ni ma rumbuna babu ƙwayar wake ko ɗaya, Yaya. Ranar Asabar ni zan tsaya a farkon sahu da sakaina a hannu, ba buzu, ba inuwa. Idan Rakiya ta tambaye ni waken wa na zo karɓa, zan ɗaga murya yadda na ƙarshen sahu zai ji, in ce na Gaji ne. Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta.